Edsger Dijkstra: Mutumin da ake haddace tunaninsa na minti 20 domin neman aiki a Google

A manyan kamfanonin fasaha irin su Google da Amazon da Meta da Microsoft, ba a ɗaukar injiniyan manhaja aiki sai ya ratsa wata jarrabawa ta gaba da gaba. Ana ba shi kimanin minti 45, a gaban allo ko ta intanet, a jefa masa matsala a ce ya warware ta yana faɗin abin da ke ransa a fili, mai yi masa tambaya kuwa yana zaune yana rubuta abin da ya gani. Wanda ya kai matakin ƙarshe yakan yi irin wannan zama sau huɗu ko biyar. Saboda haka matasa a ƙasashe da dama suke shafe watanni suna atisaye a dandalin LeetCode, ko suna bin littafin Cracking the Coding Interview na Gayle Laakmann McDowell, wanda bugunsa na shida ya ƙunshi tambayoyi 189.

Duk wanda ya yi nisa a wannan shiri sai ya ci karo da suna guda mai wuyar furtawa, wato Dijkstra, wanda mutanen Holan ke furtawa kusa da Daikstra. Yawancin ɗalibai sun san shi a matsayin sunan wata dabara ta gano hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu, dabarar da ake haddacewa a daren jarrabawa. Kaɗan ne suka san cewa mai sunan ya ƙirƙiro ta ne a zaune a wani shagon shan gahawa, ba takarda ba alƙalami, kuma ya shafe sauran rayuwarsa yana yaƙi da gaggawa da hadda da rubuta manhajar da mai ita bai fahimce ta ba.

Ɗan Rotterdam da ya so zama lauya

An haifi Edsger Wybe Dijkstra ranar 11 ga Mayu, 1930, a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, shi ne na uku cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa masanin kimiyyar sinadarai ne kuma malamin makaranta, har ya taɓa shugabantar ƙungiyar masana sinadarai ta ƙasar. Mahaifiyarsa gwanar lissafi ce, duk da ba ta taɓa riƙe aikin albashi a fannin ba. Ita ce ta fi tasiri a kansa. Ya sha ba da labarin shawarar da ta ba shi yana yaro, cewa ya san ƙa'idojinsa sosai, kuma idan ya ga amsar lissafi tana neman wuce layi biyar, to ya san ya saki hanya.

Kwana uku bayan ya cika shekara goma, ranar 14 ga Mayu, 1940, jiragen yaƙin Jamus suka ragargaza tsakiyar Rotterdam. A ƙarƙashin mamayar 'yan Nazi ya yi ƙuruciyarsa. Ba mamaki ke nan da ya gama sakandare a makarantar Gymnasium Erasmianum a 1948 burinsa shi ne ya karanta shari'a, ya wakilci ƙasarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a lokacin jaririya ce. Sakamakonsa a lissafi da kimiyya ne ya sa iyayensa da malamansa suka karkatar da shi. Ya tafi Jami'ar Leiden ya karanta fiziks na nazari.

A 1951 mahaifinsa ya ga sanarwar wani kwas na mako uku a Jami'ar Kambirij ta Ingila, inda za a koyar da yadda ake ba kwamfuta umarni, a kan na'urar EDSAC da Maurice Wilkes ya jagoranci ginawa. Saurayin ya tafi da tunanin cewa abin zai taimaka masa a fiziks. Labarin zuwansa ya kai kunnen Adriaan van Wijngaarden, shugaban sashen ƙididdiga na Cibiyar Lissafi ta Amsterdam, wanda ya yi masa tayin aiki. A watan Maris na 1952 Dijkstra ya fara, kuma shi ake ɗauka a matsayin mutum na farko a Holan da sana'arsa ita ce rubuta manhaja.

A cibiyar, Bram Loopstra da Carel Scholten ne ke ƙera na'urorin. Yadda suke aiki da Dijkstra abin lura ne: sai a fara rubuta cikakken bayanin yadda na'urar za ta karɓi umarni, a mai da shi tamkar yarjejeniya tsakaninsu, sannan su tafi su gina ƙarfen, shi kuma ya zauna yana rubuta manhaja ga na'urar da ba ta wanzu ba tukuna. Wanda ba shi da na'urar da zai gwada aikinsa a kai, dole ya tabbatar da ingancinsa da tunani. Daga nan ɗabi'ar ta shige shi.

Duk da haka zuciyarsa ta rabu biyu. Fiziks fanni ne mai daraja da tarihi, rubuta manhaja kuwa a wancan zamani ba a ɗauke shi ilimi ba. A 1955 ya shiga ofishin van Wijngaarden ya shimfiɗa masa damuwarsa. Maigidan nasa ya yarda cewa fannin ba shi da ginshiƙin ilimi tukuna, amma ya nuna masa cewa kwamfuta ta zo ke nan, kuma me zai hana ya zama cikin waɗanda za su gina ginshiƙin. Dijkstra ya fito da shawarar da ba ta sake sauyawa ba. Ya kammala digirin fiziks a 1956, ya rungumi sabuwar sana'a.

Hukuma ba ta san da zaman sana'ar ba. Da ya je ɗaurin aurensa da Maria Debets, wadda aka fi sani da Ria, a Amsterdam a 1957, aka tambaye shi aikinsa ya ce furogirama. Jami'an rajista suka ƙi rubutawa, bisa hujjar cewa babu sana'a mai wannan suna. A takardar aurensa, masanin fiziks aka rubuta.

Minti ashirin a shagon gahawa

A 1956 cibiyar na shirin ƙaddamar da sabuwar kwamfuta mai suna ARMAC, ana kuma neman abin da za a nuna wa baƙi. Dijkstra yana son matsalar da mutumin da bai san lissafi ba zai fahimci tambayarta, ya kuma fahimci amsarta. Ya zaɓi wannan: wace hanya ce mafi kusa daga Rotterdam zuwa Groningen? Ya taƙaita taswirar Holan zuwa garuruwa 64, domin lambar kowane gari ta shiga cikin bit shida na ƙwaƙwalwar na'urar, wadda ba ta da yalwa.

Kamar yadda ya bayyana a wata hira da aka yi da shi a 2001, wata safiya ce ya fita sayayya a Amsterdam da budurwarsa Ria, suka gaji suka zauna a farfajiyar wani shagon gahawa. Yana zaune yana juya matsalar a ransa, cikin kimanin minti 20 ya gama tsara dabarar. Ya danganta tsabtarta da rashin takarda da alƙalami, domin wanda ke riƙe komai a ka dole ya yar da duk wani abin da ba lallai ba.

Irin wannan jerin matakai na warware matsala shi ake kira algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na tara. Ga yadda na Dijkstra yake. Ana rubuta wa garin da za a tashi sifili, sauran garuruwa kuwa a bar su a matsayin waɗanda ba a san nisansu ba. Daga garin farko a duba maƙwabtansa, a rubuta wa kowanne nisan wucin gadi. Sannan a ɗauki garin da ke da lamba mafi ƙanƙanta cikin waɗanda ba a kammala da su ba, a ce nisansa ya tabbata, a duba nasa maƙwabtan: idan bi ta wannan gari ya fi sauƙi a kan lambar da aka rubuta musu da farko, a goge a rubuta sabuwa. Haka za a yi ta maimaitawa har a isa inda za a je.

A ɗauki misali da garuruwa uku na ƙage. Daga A zuwa B kai tsaye kilomita 7 ne, daga A zuwa C kilomita 2, daga C zuwa B kilomita 3. Da farko za a rubuta wa B bakwai, a rubuta wa C biyu. Tun da C ne mafi kusa, shi za a fara tabbatarwa. Daga C sai a ga cewa biyu da uku biyar ne, ƙasa da bakwai, sai a gyara lambar B ta koma biyar. Hanyar da ta yi kama da zagaye ita ce ta fi kusa.

Matakan ba su da wuyar haddacewa. Abin da ke raba wanda ya fahimta da wanda ya haddace shi ne tambayar da ke biye: me ya sa ake da tabbacin cewa garin da ke da lamba mafi ƙanƙanta ba za a sake samun wata hanya da ta fi kusa zuwa gare shi ba? Amsar ita ce duk wata hanyar daban dole ta fara bi ta wani garin da ba a kammala da shi ba, wanda tuni ya kai wannan nisa ko ya fi shi, kuma ƙara tafiya ba ta rage nisa. Wannan jimla guda ita ce hujjar dabarar baki ɗaya, ita ce kuma ke nuna iyakarta. Da zarar an sami matsala inda wani mataki ke rage jimilla maimakon ƙara ta, kamar lissafin riba da asara, hujjar ta rushe, sai a koma ga wata dabarar, ta Bellman da Ford. Masu tambaya a kamfanoni sun san da wannan, kuma a nan suke kama wanda ya zo da hadda.

Shekara uku dabarar ta yi ba a wallafa ta ba, domin a lokacin da wuya a sami mujallar da ke ɗaukar irin wannan aiki a matsayin lissafi. Ta fito a 1959 a mujallar Numerische Mathematik, cikin maƙala mai shafi uku. Maƙalar ta ƙunshi matsala ta biyu, ta yadda za a haɗa wurare da yawa da waya mafi ƙaranci, wadda ya warware domin rage jan ƙarfen da ake kashewa a bayan kwamfutar X1. A wannan an riga shi: Vojtěch Jarník ya gano ta tun 1930, Robert Prim ya sake gano ta a 1957. Ko a ta hanya mafi kusa ma, akwai masu bincike a Amurka da suka isa ga makamanciyarta a daidai lokacin. Tasa ce ta ɗauki suna, kuma tsabtar bayaninsa na cikin dalilai. A yau tsarin OSPF da na'urorin intanet ke amfani da shi wajen zaɓar hanyar aika saƙo a kanta yake tafiya, manhajojin taswira kuma suna aiki da jikokinta.

A shekarar 1959 ɗin ya sami digirin digirgir a Jami'ar Amsterdam. A watan Agustan 1960 shi da Jaap Zonneveld suka kammala manhajar farko a duniya da ke fassara harshen ALGOL 60 zuwa harshen na'ura. Sun yi alkawarin ba za su aske gemu ba sai sun gama. Zonneveld ya aske nasa bayan an gama, Dijkstra ya bar nasa har ƙarshen rayuwarsa.

Masana biyar, cokula biyar

A 1962 ya zama farfesan lissafi a jami'ar fasaha ta Eindhoven. A can ya tunkari matsalar da ta fi ta taswira zurfi: me zai faru idan ayyuka da yawa suna gudana lokaci guda a kwamfuta ɗaya, kowanne yana neman abin da ɗan'uwansa ke riƙe da shi? Ya aro dabara daga layin dogo, inda alama ke hana jirage biyu shiga layi ɗaya, ya ƙirƙiro abin da ake kira semafo. Maƙalarsa ta 1965 kan yadda za a hana ayyuka biyu shiga wuri ɗaya a lokaci guda, shafi ɗaya ce tak, amma masana irin su Leslie Lamport na ɗaukar ta a matsayin mafarin fannin gaba ɗaya.

A 1965 ɗin ne ya ba ɗalibansa wata tambayar jarrabawa kan kwamfutoci biyar da ke rububin na'urorin ajiya, wadda abokinsa Tony Hoare ya sake wa kama ta zama labarin masana falsafa biyar. Suna zaune kewaye da teburi, cokula biyar ne tsakaninsu, kuma ba mai iya ci sai da cokali biyu, na dama da na hagu. Idan kowa ya ɗauki na hagunsa a lokaci guda yana jiran na dama, ba wanda zai ci, ba wanda zai saki, haka za su zauna har yunwa ta kashe su. Babu wanda ya karya doka a cikinsu, tsarin ne ya kulle kansa. Duk wanda ya taɓa bin fayil a ma'aikata inda ofis biyu kowanne ke jiran sa hannun ɗan'uwansa zai gane hoton. Har yau tambayar na fitowa a ganawar neman aiki.

Wannan ba wasan ƙwaƙwalwa ba ne kawai. Tsakanin 1985 da 1987 na'urar gashin kansa mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima a lokuta shida da aka tabbatar a Amurka da Kanada, wasu suka mutu. Daga cikin musabbabin da bincike ya gano akwai irin wannan karo tsakanin ayyukan da ke gudana tare, kuskuren da ba ya bayyana sai an dace da wani ɗan taƙaitaccen lokaci.

Da ƙaramar tawaga ya gina babbar manhajar tafiyar da kwamfuta mai suna THE, wadda ya tsara hawa-hawa, kowane hawa ya dogara da na ƙasa da shi kaɗai, domin a iya tabbatar da ingancin kowanne shi kaɗai. Duniya ta yaba, amma sashensa na jami'a bai ɗauki ilimin kwamfuta da muhimmanci ba, har aka wargaza tawagar. Shi da kansa ya rubuta cewa a 1968 ya faɗa cikin matsananciyar damuwa.

Wasiƙar da ta tayar da ƙura

A watan Maris na wannan shekara mujallar Communications of the ACM ta buga wata gajeriyar wasiƙarsa kan umarnin goto, wanda ke ba manhaja damar tsallakawa daga kowane layi zuwa kowane layi. Hujjarsa ita ce ƙwaƙwalwar ɗan'adam ta fi iya bin abin da ke tafiya a jere, kuma manhajar da ke cike da tsalle-tsalle takan zama kamar zaren da ya cukurkuɗe, har mai ita ba zai iya faɗin halin da take ciki a kowane mataki ba. Editan, Niklaus Wirth, shi ya sauya kanun zuwa wanda ke ayyana umarnin a matsayin mai cutarwa, kuma kanun ya fi wasiƙar yawo. An shafe shekaru ana muhawara. A 1974 Donald Knuth ya rubuta doguwar maƙala yana nuna wuraren da goto ke da amfani. Amma a aikace ra'ayin Dijkstra ne ya yi rinjaye, domin ɗalibin yau yana iya gama karatunsa bai taɓa rubuta umarnin ba.

A watan Oktoban 1968 ya halarci taron da ƙungiyar NATO ta shirya a Garmisch ta Jamus, inda masana suka amsa a fili cewa manyan ayyukan manhaja na cin kuɗi fiye da kasafi, suna makara, kuma ba sa aiki yadda ya kamata. A 1969 ya rubuta bayanansa kan rubuta manhaja bisa tsari, waɗanda suka fito a littafi a 1972 tare da na Hoare da Ole-Johan Dahl. A wannan shekarar ce aka ba shi lambar Turing, mafi girma a fannin. Jawabinsa na karɓar lambar kan tawali'u ne: ƙwaƙwalwar mutum ƙarama ce, saboda haka ƙwararre shi ne wanda ya san iyakarsa yake kuma gudun dabarun burga.

A cikin waɗannan rubuce-rubuce ne ya kafa hujjar da aka fi tuna shi da ita, cewa gwaji na iya nuna akwai kuskure a manhaja, amma ba zai taɓa nuna babu shi ba. Maganar ta wuce ɗakin injiniyoyi. A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2015, an hukunta ɗaruruwan masu kula da ƙananan ofisoshin gidan waya bisa zargin sata, saboda an gaskata alƙaluman manhajar Horizon a kan rantsuwarsu. Daga baya kotu ta tabbatar manhajar na da kurakurai. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun mutu kafin a wanke su. A duk inda hukuma ta ce a yarda da sakamako domin na'ura ce ta fitar, tambayar Dijkstra tana nan: wace hujja ke nuna na'urar ta yi daidai?

Alƙalami da tawada

A watan Agustan 1973 kamfanin Burroughs na Amurka ya ɗauke shi a matsayin mai bincike, da sharaɗi mai ban sha'awa: ya zauna a gidansa da ke ƙauyen Nuenen ya yi tunanin abin da ya ga dama, ya riƙa ziyartar cibiyoyin kamfanin lokaci-lokaci. Ranar Talata kaɗai yake zuwa jami'a, inda yake zama da abokan aiki suna karanta maƙaloli layi-layi, suna tsefe hujja da salon rubutu. A wannan zamani ya wallafa A Discipline of Programming a 1976, inda ya nuna yadda za a gina manhaja da hujjar ingancinta tare, kafaɗa da kafaɗa. A littafin akwai matsalar tutar Holan: a jera duwatsu masu launi uku, ja da fari da shuɗi, kowane launi wuri guda, da bi ɗaya kacal. Tana nan a LeetCode a yau da wani suna, kuma dubban masu neman aiki na warware ta ba su san daga inda ta fito ba.

Yawancin tunaninsa bai bi ta mujallu ba. Yakan rubuta shi a takardu masu lamba da ke farawa da haruffan sunansa, EWD, ya yi kwafi kaɗan ya aika wa abokai, su ma su kwafa su aika gaba. Da farko da tafireta yake bugawa, daga baya ya koma rubutun hannu da alƙalamin tawada na Montblanc. Sun haura 1,300, kuma Jami'ar Teksas ta adana su a intanet. Mutumin da ya gina ginshiƙin ilimin kwamfuta bai yarda ya yi rubutunsa da ita ba. Sai a ƙarshen rayuwarsa ya mallaki Macintosh, domin imel da leƙa intanet.

Harshensa na da kaifi, wani lokaci fiye da kima. A wata takarda ta 1975 ya yi wa harsunan COBOL da BASIC da FORTRAN kaca-kaca, har ya nuna cewa ɗalibin da ya fara da BASIC ya lalace ba gyara. Tarihi bai goyi bayansa a nan ba, domin ƙwararru da yawa da BASIC suka fara a kan ƙananan kwamfutocin gida, kuma irin wannan magana daga bakin babban malami takan kori mai koyo tun daga bakin ƙofa. Burinsa na a tabbatar da kowace manhaja da hujjar lissafi shi ma bai zama ruwan dare ba, saboda tsada da wahala. Sai dai bai mutu ba: injiniyoyin Amazon sun bayyana a 2015 yadda suke amfani da harshen TLA+ na Lamport wajen gano kurakuran da gwaji bai kama ba a manyan tsare-tsarensu.

Yadda shi yake jarraba ɗalibi

A 1984 ya koma Jami'ar Teksas da ke Austin, inda ya koyar har ya yi ritaya a 1999. A farkon zango yakan ɗauki hoton kowane ɗalibi domin ya riƙe sunansa. Ba ya bin littafin darasi, allo da alli kawai. Jarrabawar ƙarshe kuwa ta baki ce: ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, a ofishinsa ko a gidansa, kowanne ya shafe sa'o'i yana warware matsala a gabansa, har abin yakan ci mako guda.

A zahiri wannan ya yi kama da ganawar kamfanonin yau: mutum biyu, allo ɗaya, matsala ɗaya, da buƙatar ka bayyana tunaninka. Kuma gaskiya ne cewa mafi kyawun abin da ke cikin ganawar gadonsa ne. Mai tambaya nagari ba ya neman amsa kaɗai. Yana so ya ga ko ka fayyace tambayar kafin ka fara, ko ka san abin da ke zama gaskiya a kowane zagaye na aikinka, ko za ka iya faɗin dalilin da ya sa amsarka ta yi daidai ba tare da ka kunna na'ura ba. Wanda ke shiri zai fi cin riba idan ya warware matsala hamsin ya iya kare hujjar kowacce, a kan ya haddace ɗari biyar.

Bambancin yana ga lokaci da manufa. Dijkstra yana ba ɗalibin da ya sani da suna sa'o'i. Kamfani yana ba baƙo minti 45, kuma an gina tsarin ne domin tace dubban masu nema, ko da za a zubar da nagari a ciki. Kamfanonin sun taɓa amsa kuskure a kan wannan: a 2013 Laszlo Bock, shugaban sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya bayyana cewa tambayoyin kacici-kacici da aka daɗe ana yi ba sa hasashen komai game da iya aiki. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiro manhajar Homebrew da injiniyoyi da yawa ke amfani da ita, ya ba da labarin yadda Google ya ƙi ɗaukarsa bayan ya kasa wata tambayar allo. A 2020 kuma masu bincike daga Jami'ar Jihar North Carolina da Microsoft suka gwada ɗalibai, wasu ana kallonsu wasu su kaɗai a ɗaki, suka ga ƙoƙarin waɗanda ake kallo ya faɗi da fiye da rabi. Ke nan wani ɓangare na abin da ake aunawa jure fargaba ne, wani ɓangaren kuma samun watannin zaman atisaye, da wuta da intanet da rashin wani aikin da ke jira, abin da ba kowane mai basira ke da shi ba.

Shi kansa laƙabin injiniyan manhaja bai tsira daga bakinsa ba. A wata takarda ta 1988 kan koyar da ilimin kwamfuta, ya zargi fannin da zama mafakar masu neman hanyar rubuta manhaja ba tare da sun iya ba, ya kuma ba da shawarar a koyar da 'yan shekarar farko da hujja a takarda, ba tare da sun gwada aikinsu a na'ura ba. Malamai da dama sun mayar masa da martani mai zafi, bai janye ba.

A Austin shi da Ria sun yi rayuwa mai sauƙi. Yana kaɗa fiyano, yana son Mozart, kuma sukan zaga gandayen shaƙatawa na Amurka a wata motar Volkswagen, inda ya rubuta wasu takardunsa. Da ciwon daji ya kama shi, suka koma gidansu na Nuenen a farkon 2002. Takardarsa ta ƙarshe mai lamba 1318 ta fito a watan Afrilu. Ya rasu ranar 6 ga Agusta, 2002, yana da shekara 72, ya bar matarsa da 'ya'ya uku. Jim kaɗan kafin rasuwarsa aka ba shi lambar yabo kan wata maƙala ta 1974 game da tsarin da ke iya gyara kansa bayan tangarɗa, maƙalar da ta kusa shekara goma ba a kula ta ba sai da Lamport ya jawo hankali gare ta a 1983. A 2003 aka sauya wa lambar suna zuwa nasa.